Kwamfutar da Aka Raba Uku

Malam Abdullatif malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Dutsin-Ma. Ya rasu a haɗarin mota a hanyar Katsina, ya bar mahaifiyarsa Hajiya Batula, da matarsa Sakinatu, da 'ya'ya biyu ƙanana. Bayan Sakinatu ta fita takaba sai dattawa suka zauna rabon gado. Da suka zo kan kwamfutarsa, suka bi ta kamar yadda suka bi sauran kayan ɗakin, kowane abu da ƙimarsa. Allon da ake kallo daban, akwatin kwamfutar da ake jona shi da shi daban, laftof ɗin da yake fita da ita daban. Ba su yi haka da mugun nufi ba. Abu uku suka gani a gabansu, suka ƙidaya uku.

Akwatin ya faɗa a kason marayu. Laftof ta shiga kason Sakinatu. Allon kuwa Hajiya Batula ce ta roƙa da bakinta a sa mata shi a nata kason. Duk lokacin da ta zo daga ƙauyensu Wurma, ɗan nata yakan zaunar da ita a gaban allon ya riƙa nuna mata hotuna, har da nasa. Don haka ta naɗe shi a zane, ta rungume shi a mota har gida, ta ɗora shi a kan kwabarta ta lulluɓe. Babu wuta a ɗakinta, amma ba ta damu ba. Ta san abin da ta ajiye.

Sai bayan kaka ta sa aka kai mata shi Kurfi, shagon wani mai cajin waya, ita ma ta bi. Mai shagon ya jona shi. Allon ya yi haske, wani ɗan rubutu ya yi ta yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, daga nan ya yi baƙi. Mai shagon ya ce mata, Hajiya, ai babu komai a cikin wannan.

Ranar Asabar da hantsi ta iso Dutsin-Ma a motar jikanta Zaharaddin, ɗan babbar 'yarta, wanda yake jigilar kaya tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Ya sauke ta a ƙofar gida bai ko kashe mota ba.

“Tsohuwa, bayan azahar zan dawo. Kar ki sa ni jira. Kin san daga Kurfi zuwa gida ba a bin hanyar nan da yamma.”

“Ji min mijin banza,” in ji ta. “Ko ruwa bai saya mini a hanya ba, shina ba ni oda.”

Sakinatu ta tare ta, ta shimfiɗa mata tabarma a falo, ta kawo ruwa da fura. Suka gaisa, aka tambayi mutanen Wurma ɗaya bayan ɗaya, aka kira yaran suka durƙusa suka gaida kakarsu, suka koma wasa. Hajiya Batula ta kurɓi furar kaɗan ta ajiye.

“Abin nan da anka ba ni,” ta ce, “babu kowa a ciki.”

“Wane abu, Inna?”

“Gilashin. An kunna shi a Kurfi ina tsaye. Ni ban ce wani ya cire ba. Mai cajin ne ya ce babu komi. Ni kuwa da idona na gan shi a ciki, a ɗakin can.”

Sakinatu ta gane inda maganar ta dosa, ta sunkuyar da kai. Hajiya Batula ba ta taɓa kiran sunan Abdullatif ba tun yana raye, domin shi ne ɗanta namiji na fari. “Shi” kawai take cewa, kowa kuma ya san wa take nufi.

“Idona ne maganar,” ta ci gaba. “Na dama ya riga ya tahi. Na hagu likita ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki, ni kuma ban san yadda aikin zai ƙare ba. In na rufe ido ina son in tuno shi, fuskarshi ta yarinta ka zo mini. Ta girmanshi ba ta tsayawa. Ina so in gan shi tun ina gani.”

Sakinatu ta ɗauko wayarta ta nemo hoto ɗaya da take da shi, wanda aka yaɗa lokacin sanarwar rasuwa. Hoton katin aiki ne, ya daskare da fuska, an kuma ja shi har ya dushe. Sauran hotunan babu su a wayar, saboda marigayin yana da ɗabi'ar kwashe hotunan wayoyin gidan duk wata ya zuba su a akwatin, tasa wayar kuma ta tafi a haɗarin. Hajiya Batula ta kai hoton daf da idonta, ta juya shi, ta miƙo.

“Wannan ba shi ba ne. Wannan na gwamnati ne.”

“Inna, hotunan suna nan, ba a taɓa su ba. Bari ki gani.”

Ta ɗauko laftof. A fuskar laftof ɗin akwai wata folda da marigayin ya sa wa suna Gida. Ainihin kayan da ke cikinta a akwatin suke, amma ya haɗa kwamfutocin biyu ta yadda daga laftof ana buɗe su, ko daga tsakar gida. Tun rasuwarsa Sakinatu ba ta iya danna ta ba. Yau ta danna. Laftof ta yi ta juya ɗan zobenta, can ta rubuto da Turanci cewa ba ta sami hanyar zuwa wurin ba. Ta sake dannawa, amsar ba ta canja ba.

“Mi ta ce?”

“Wai ba ta same shi ba.”

“To,” in ji Hajiya Batula, ta gyara mayafinta.

Sakinatu ta saka hijabi ta leƙa gidan da ke jikin nasu. Malama Zaituna ce a ciki, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, wadda ta taɓa koyarwa wuri ɗaya da marigayin. Ta same ta tana gyaran zogale. Da ta ji bayani ta wanke hannu, ta ɗauki tabarau, ta biyo ta.

Ta durƙusa ta gaida Hajiya Batula, ta yi mata ya ƙarin haƙuri, sannan ta zauna ta karanta abin da laftof ta rubuta.

“Wannan ba ya nufin hotunan sun ɓace,” ta ce. “Cewa ta yi ta yi sallama ba a amsa ba. Mu bi abin daga farko, ɗaya bayan ɗaya. Maman Fatu, ina akwatin yake?”

“Yana ƙarƙashin gado a ɗakin Malam. Tun ranar rabo aka tura shi can.”

“A kashe ke nan.”

Sakinatu ta ɗan yi murmushin kunya. “A kashe.”

Su biyu suka jawo shi, suka kawo falo kusa da soket. Malama Zaituna ta goge shi da tsumma, ta hure bayansa, ta jona shi a wutar sola. Ba ta kunna ba tukuna.

“Na biyu, ina rawutar?”

Rawutar, wato ɗan farin abin nan mai ƙahonni biyu da yake raba intanet a gida, tana kan shelf a bayan talabijin, an ɗora mata kwandon magunguna. Ita ma a kashe take.

“Datar da ke kanta ta ƙare tun watan da ya rasu,” in ji Sakinatu. “Na ga ba amfanin ta zauna tana cin batir. Da wayata nake haɗa laftof in ina da aiki.”

“Haka kowa yake zato. Data ta zuwa waje ce. Mu yau ba waje za mu ba, daga wannan kwamfutar zuwa waccan ne, a cikin ɗaki ɗaya. Ko babu data ko kaɗan, rawuta tana kai saƙo tsakaninsu.”

Ta kunna ta, suka jira fitilunta suka daidaita. Ta cire laftof daga intanet ɗin wayar Sakinatu ta mayar da ita kan rawutar. Laftof ba ta yi gardama ba, ta tuna tsohuwar hanyarta.

“Na uku. Wannan akwatin tsoho ne, ba ya kama rawuta ta iska. Akwai kebul da yake haɗa su. Dogo ne, ina jin shuɗi, na taɓa ganinsa an bi da shi ta saman ƙofa.”

Sakinatu ta yi tunani. Sai ta juya ta kalli taga. Malama Zaituna ta bi idonta da kallo. A tsakar gida, tsakanin bishiyar dalbejiya da ƙarfen tankin ruwa, ga shuɗin kebul an ɗaure shi tam, kayan makarantar yara suna shanye a kai.

“Ranar da aka kwashe ɗakin aka cire shi,” in ji Sakinatu. “Ba a ma sa shi a rabo ba. Igiyata kuma ta tsinke a makon.”

“Ta yi ƙwari kuwa?” Hajiya Batula ta tambaya daga kan tabarma.

“Sosai, Inna. Har bargo tana ɗauka.”

“To ai ba a yi asara ba.”

Malama Zaituna ta fita ta duba. An yanke kan kebul ɗin guda domin a ji daɗin ƙulli, rana kuma ta cinye ɗayan. Ta dawo ta ce a bar wa wanki abinsa. Ta tambaya ko kwalin da rawutar ta zo a ciki yana nan, domin yawanci akan sako gajeren kebul a ciki. Marigayin ba ya yar da kwali. Sakinatu ta same shi a saman wardirof, da ɗan kebul ruwan ɗorawa a naɗe a ledarsa, ba a taɓa buɗewa ba. Bai fi kamu biyu ba, don haka suka matso da akwatin har gindin shelf. Malama Zaituna ta soka kai ɗaya a bayan akwatin, ɗaya a bayan rawutar, ta danna maɓallin kunnawa.

Fanka ta tashi a ciki. Akwatin ya yi ƙara sau biyu, gajeru. Wata 'yar fitila ta kama a inda kebul ya shiga.

Suka ba shi lokaci. Sakinatu ta shiga kicin ta ɗora tukunya ta dawo. Malama Zaituna ta danna foldar. Amsar dai ita ce ta ɗazu. Ta buɗe shafin rawutar a laftof, inda ake ganin duk abin da ke haɗe da ita. Laftof ce kaɗai a wurin.

“Bai zo ba,” ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba.

“Ko ya lalace ne?” in ji Sakinatu.

“Ban sani ba tukuna. Da akwai allo da ya gaya mana abin da ke damunsa.”

Hajiya Batula ta ɗago kai daga kan tabarma.

“Malama, gilashin nawa kike nufi?”

“Shi, Hajiya.”

“To ki gaya mini gaskiya, tunda ke ba 'yar gidan nan ba ce. Mi ke cikin gilashin nan?”

Malama Zaituna ta juyo ta fuskance ta sosai. “Babu komai, Hajiya, kuma bai taɓa riƙe komai ba. Kamar taga yake. Wannan akwatin shi ne ɗakin. Duk abin da kika gani a wancan lokacin, a nan yake zaune, ta tagar kika hango shi. In an ɗauke taga an kai wani gari, ba za ta tafi da kayan ɗaki ba.”

Hajiya Batula ta daɗe tana kallon inda akwatin yake.

“Wato taga na ɗauka har Wurma.”

“Ba ke kaɗai ba ce za ki yi haka. Masu rabon ma ba su sani ba.”

“Ni na zaɓa,” ta ce. Can kuma ta juya wajen surukarta. “Ke, tun da na zo kina tsaye kamar mai jiran mota. Zo ki zauna nan.” Ta matsa ta ba ta gefen tabarma. Sakinatu ta zauna.

Aka kira azahar. Suka yi salla, Malama Zaituna ta fara idarwa ta koma gaban akwatin. Ta yi tunanin a jona shi da talabijin, ta duba bayansa, ramukan ba su dace ba, kuma babu kebul ɗin da zai haɗa su. Ta yi tunanin aro allo, amma na makaranta suna kulle sai Litinin. Sai ta durƙusa ta kara kunnenta a jikin akwatin. Fanka kawai take ji. A gabansa akwai ƙaramar fitila da takan yi ƙyafta-ƙyafta in kwamfuta tana karanta abin da ke cikinta. Wannan ko motsi ba ta yi.

“Maman Fatu, ɗazu da na kunna, sau nawa ya yi ƙara?”

“Kamar biyu.”

“Da can fa, in Malam ya kunna?”

“Ɗaya yake yi. Ina ji daga kicin.”

“To ina da zato. A cikin akwatin akwai ɗan batir kamar na agogon hannu, shi yake riƙe masa kwanan wata. In aka bar tsohuwar kwamfuta wata da watanni babu wuta, batirin yakan mutu. In ta tashi sai ta tsaya a bakin hanya, ta rubuta cewa agogonta ya ɓace, a danna mata wani maɓalli kafin ta wuce. Ina jin tun ɗazu abin da take yi ke nan. Tana rubutawa, babu mai gani. Ina kibod?”

Kibod ɗin ya bi akwatin zuwa kason marayu, su kuwa sun karɓi kasonsu da gaske. Sakinatu ta samo shi a kwandon kayan wasa. Fatu, babbar yaran, takan yi wasan banki da shi. Maɓallai da yawa sun fita, har da wanda ake nema, F1, a jeren sama. Ɗan farin robar da ke ƙarƙashinsa ne kawai ya rage.

Malama Zaituna ta kashe akwatin, ta jona kibod, ta sake kunnawa. Ya yi ƙararsa biyu. Ta jira kaɗan, ta ɗauki biro ta danna robar da gindinsa.

Fitilar ta ƙyafta. Ta sake ƙyaftawa, sannan ta kama yi ba tsayawa, wani ƙaramin kurkur ya fara fitowa daga cikin akwatin.

“Yanzu ya wuce,” ta ce. “A ba shi lokaci, ya daɗe yana barci.”

A daidai nan hon ɗin mota ya tashi a ƙofar gida. Zaharaddin ya yi sallama ya tsaya a bakin falo da makulli a hannu. Ya gaida Sakinatu da Malama Zaituna, ya ƙi zama.

“Tsohuwa, tashi. Na cika mota da siminti, ke kaɗai ta rage.”

“Ka ci abinci tukuna.”

“Na ci a tasha.”

“To ka ƙara. Dubi wuyanka kamar na zalɓe, wa za ta aure ka haka?”

“Ke da kika maƙale mini. Wallahi da gaske nake, rana tana yi.”

Sakinatu ta zubo masa shinkafa da wake ta kai masa zaure. Ya karɓa yana duba agogon waya.

Malama Zaituna ta sake buɗe shafin rawutar. Yanzu abu biyu ne a jere, laftof da akwatin, kowanne da lambarsa. Ta danna foldar Gida. Ta ƙi buɗewa.

Sakinatu ta dafe kai.

“Kar ki damu, wannan ƙarami ne,” in ji Malama Zaituna. “Rawuta tana ba kowace kwamfuta lamba, kamar lambar gida. Malam ya ɗora foldar nan a kan lambar da akwatin yake da ita a da. Da aka kashe komai aka sake kunnawa, sai ta ba shi wata. Laftof tana ta zuwa tsohon gida.”

Ta kwafi sabuwar lambar ta rubuta a gurbin da ke saman fuskar laftof. Wannan karon laftof ba ta ce ba ta sami hanya ba. Ta fito da gurbi biyu, tana neman suna da kalmar sirri.

“Sunan da yake shiga da shi, nasa ne ko na gidan?”

“Nasa,” in ji Sakinatu a hankali. Ita ma ba ta kiran sunan, balle a gaban mahaifiyarsa. Malama Zaituna ba ta nemi a faɗa ba, ta rubuta da kanta.

“Kalmar sirrin fa? Da laftof ta riƙe ta, amma da tsohuwar lamba ta riƙe. Kin san ta?”

“Na sani.”

“Faɗa mini in sa.”

Sakinatu ta kalli ƙasa. “Bari in sa da kaina.”

Ta jawo laftof kan cinyarta, ta ɗan juya baya, ta kare da gefen hijabi. Kalmar sirrin sunan da yake kiranta da shi ne in suna su biyu.

“Rufe da kyau,” in ji Hajiya Batula. “Kar makauniya ta karance miki boko.”

Foldar ta buɗe. Ga ƙananan foldoji a jere, kowace da shekararta, yadda marigayin yake tsara komai nasa.

Suka ɗora laftof a kan ƙaramin teburi, suka matso da shi har gaban Hajiya Batula, suka saki labule don hasken ya fito. Ta rufe idon dama da tafin hannu, ta kawo na hagu kusa. Sakinatu ta buɗe shekarar ƙarshe ta fara wucewa da hotunan.

Ga Fatu da kayan makaranta. Ga ƙaninta a cikin baho. Ga ɗalibai a gaban allo, ga allon kansa cike da lissafi. Ga Sakinatu tana tankaɗe, ta ɗaga hannu tana kare fuska. Ga ragon layya ta gaba, ta gefe, ta baya. Ga dam ɗin Zobe da ruwa ya cika.

“Ina shi?”

“Yana zuwa, Inna.”

Suka gama shekarar, suka shiga ta bayanta. Bikin wani abokin aiki, gonar gero, yara, yara, wata motar da ya so saye. Ga Hajiya Batula kanta a ƙofar ɗakinta tana tsinke gyaɗa. Shi ne mai ɗaukar hoton a kowane wuri, don haka kowa yana ciki ban da shi. A wani hoton inuwarsa ce ta faɗo a ƙasa, a wani kuma gefen yatsansa.

Zaharaddin ya leƙo da kwano a hannu. “Tsohuwa, an kusa la'asar fa.”

Hajiya Batula ta ci gaba da kallo. Idonta ya fara ruwa saboda hasken, ta goge da bakin mayafi ta sake matsowa.

“Akwai wanda yakan nuna mini,” ta ce. “Muna zaune ni da shi a gindin rumbu.”

“Wannan ba hoto ba ne, Inna, bidiyo ne. Ni na ɗauka.” Sakinatu ta dubi Malama Zaituna. “Ban san shekarar ba. Ina goyon Fatu dai.”

Malama Zaituna ta nuna mata gurbin nema a kusurwar sama, ta sa aka ware bidiyo kaɗai daga cikin dukan foldojin. Ba su da yawa. Sakinatu ta bi kwanan watan da yatsa, ta danna ɗaya.

Tsakar gidan Wurma ta fito, hoton yana rawa. Ga rumbu, ga Hajiya Batula a kan tabarma da ƙwarya a gabanta. Sai muryar marigayin ta fito daga bayan wayar, kusa sosai.

“Inna, ki ɗago mana. Kullum sai ki yi kamar za a yi miki allura.”

Hajiya Batula ta cikin falo ta ɗago kai.

Hoton ya karkata, aka ga ƙasa, aka ga takalmi, aka ji yana cewa, riƙe nan, kar ki girgiza. Da ya daidaita sai ga shi ya shigo daga gefe, da farar riga da hula ta ɗan karkace, ya zauna kusa da mahaifiyarsa ya sa hannu a ƙwaryarta ya ɗebi gyaɗa. Ta buge hannun. Ya juyo yana dariya.

“Tsaya nan,” in ji Hajiya Batula.

Malama Zaituna ta kama hannun Sakinatu ta ɗora a kan dogon maɓallin ƙasa. Hoton ya tsaya. Ta nuna mata yadda za ta cika fuskar laftof da shi. Hajiya Batula ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta bi fuskar daga hula zuwa gemu a hankali, ta koma sama. Sakinatu ta kau da kai wajen bango.

“Shi ne,” ta ce. “Ashe ya yi furfura a nan gefen. Ban lura ba.”

Zaharaddin yana tsaye a bakin ƙofa. Ya sassauta murya. “Hajiya, in ba mu tashi yanzu ba, sai dai gobe.”

“Kai ka tashi. Simintinka ba ya jira.”

“Ke fa?”

“Ka biya ka ce wa Kulu maƙwabciyata ta ba awakina dusa, ta rufe mini ɗaki. In ka shigo jibi ka ɗauke ni.”

Tun ranar sadakar bakwai ba ta sake kwana a gidan ba. Sakinatu ta tashi ta ɗauki jakar Hajiya daga bakin ƙofa ta shiga da ita ciki. Zaharaddin ya ajiye kwano, ya yi musu sallama, aka ji tashin motarsa.

Malama Zaituna ta gyara foldar Gida ta ɗora ta a kan sunan akwatin maimakon lambarsa, ta sa laftof ta riƙe kalmar sirrin. Da Sakinatu ta fito ta ce mata kada a kashe akwatin yau, in kuma wuta ta ɗauke, ga biro nan, ta san robar da za ta danna. Ranar Litinin za ta taho da sabon batir, su kuma kwafi komai a wani wurin, domin akwatin ya tsufa. Ta ɗauki tabaranta, ta yi wa Hajiya sai an jima.

Hajiya Batula ba ta juyo ba. Ta lalubo hannun Sakinatu ta ɗora shi a kan maɓallan.

“Mayar da shi baya kaɗan,” ta ce. “Daga inda ya shigo.”